Karatun Muhalli A Kafanchan: Daga Duba-gari Zuwa Digiri



A taronmu na watan jiya, bayan an gama maganar kuɗin wata-wata da gyaran rijiyar burtsatse, wani dattijo cikin iyayenmu ya ɗaga hannu ya ce yana da ƙorafi. Ɗansa ya nemi karatun likita bai samu ba, sai aka ba shi gurbi a sashen kula da muhalli. Baba ya ce shi kam bai ga dalilin da zai sayar da buhunan cittarsa don yaro ya je ya yi shekara huɗu yana koyon kwasar shara ba. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma da aka tashi, wasu iyaye mata biyu suka tare ni a bakin ƙofa, kowacce ta ce irin wannan magana ce ke hana ta barci. Shi ne shugaba ya ce in zauna in rubuta mana tarihin wannan karatu, domin kowa ya yanke shawara da sani. Ni ba masanin muhalli ba ne, difloma ce iyakata, amma abin da zan kawo tarihi ne da ke rubuce, wani kuma iyayenmu sun gan shi da idonsu.

ƘASAR DA MUKE ZAUNE A KANTA

Kudancin Kaduna yana gindin tsaunukan Filato ne ta yamma. Iskar damina mai ɗauke da ruwa tana tasowa daga kudu maso yamma, idan ta ci karo da duwatsu irin na Kagoro sai ta hau sama, ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta a kanmu. Shi ya sa yankin Kafanchan da Kagoro ke samun ruwan sama da ya kai milimita 1,500 ko fiye a shekara, alhali Kano sau da yawa ba ta kai 1,000. Wannan ruwa shi ya ba mu kurmi a tsakiyar Arewa, ya ba mu citta da doya da acca da atili da kwakwar manja, ya ba mu kogin Kogum da magangarar ruwa ta Matsirga. Madatsar ruwan Gurara, wadda ake jan ruwanta ta bututu mai tsawon kimanin kilomita 75 zuwa Abuja, a cikin Jihar Kaduna take, a ɓangarenmu. Wato mutumin Abuja ma yana shan ruwan da ya sauka a gonakinmu.

Amma ruwa mai yawa a ƙasa mai gangara yana da nasa sharri. Duk inda aka sare itace aka bar ƙasa tsirara, ruwan nan zai kwashe saman ƙasa mai taki ya tafi da shi, ya bar kwazazzabo. Duk tarihin da zai biyo baya a kan wannan yake: arziki ne mai yawa, amma mai saurin lalacewa idan ba a san yadda ake riƙe shi ba.

KUZA DA KAWUNAN NOK

Tun farkon ƙarni na ashirin kamfanonin Turawa suka cika Filato suna haƙar kuza, aikin kuma ya gangaro har ƙasar Jama'a da ta Jaba. Garuruwa irin su Godogodo da haƙar kuza suka bunƙasa. Yadda ake aikin shi ne a yaye saman ƙasa, a tono yashi da tsakuwar da kuzar ke ciki, a wanke da ruwa, a ɗebe kuza, a bar sauran a tsibe. Da kasuwar kuza ta faɗi warwas a tsakiyar shekarun 1980, masu haƙa suka watse, aka bar ramuka da kududdufai da ƙasar da ba ta nomuwa. Babu dokar da ta iya tilasta wa kowa ya cike abin da ya tona yadda ya kamata, babu kuma ɗan ƙasa mai ilimin da zai auna ɓarnar ya kai ƙara da hujja.

A cikin wannan tono ne aka ci karo da abin da ya sa duniya ta san sunanmu. A 1928 aka tono wani ɗan kan yumɓu a wurin haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Ham. A 1943 kuma aka sami wani kai a yankin Jama'a, wanda wani ma'aikacin haƙa ya kai gonarsa ya kafa a matsayin mutum-mutumin korar tsuntsaye, kafin ya isa hannun Bernard Fagg a Jos. Fagg ya lura cewa kawunan biyu aikin al'umma ɗaya ne, ya raɗa musu sunan Nok, shi ne kuma ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Masu bincike daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus, waɗanda suka fara aiki a yankin tun 2005, sun nuna cewa mutanen Nok sun fara zama a nan kimanin shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, suna noman gero da wake, suna cin atili, suna ɗibar zuma, daga baya suka iya narkar da tama su fitar da ƙarfe. Yaya aka san haka? Ta hanyar auna gawayi da ƙwayoyin hatsi da suka ƙone da ragowar abin da ya maƙale a jikin tukwane. Ilimin ƙasa da na tsirrai da na sinadarai ne aka haɗa, irin wanda ake koyarwa a karatun muhalli. Abin takaici, a shekarun 1990 an yi ta tone waɗannan wurare a ɓoye ana sayar da kayan zuwa Turai, tarihin da ke cikin ƙasar ya tafi tare da su.

JIRGIN ƘASA DA DUBA-GARI

A 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi ya haɗe da Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos don ɗaukar kuza. Inda layukan suka rabu shi ne Kafanchan, a ƙasar mutanen Fantswam. Cikin 'yan shekaru wurin ya zama gari mai ma'aikata daga kowane sashe na Najeriya, a 1933 kuma hedikwatar masarautar Jama'a ta dawo cikinsa. Duk wanda ya san tsohon garin ya san layukansa miƙaƙƙu ne, an yanka su da awo. Masu safiyo da masu tsara gari ne suka yi wannan aiki.

Gari mai cunkoso yana zuwa da cuta, don haka sai ga duba-gari. Iyayenmu suna ba da labarinsa: yana shigowa gida da kakinsa, ya leƙa randa ya ga ko akwai tsutsar sauro, ya duba masai da kwata da bola, ya duba nama a mahauta. Wanda aka kama da ƙazanta sai tara. An buɗe makarantar horar da su a Kano a farkon shekarun 1930, kuma har yau tana nan. Mutane sun ji tsoron duba-gari fiye da yadda suka ƙaunace shi, domin bai cika bayani ba, umarni kawai yake bayarwa. Haka aka sake gani a mulkin soja na Buhari da Idiagbon, tsakanin 1984 da 1985, lokacin da aka tilasta sharar gari ta ranar Asabar. Daga nan ne mutanenmu suka ɗauka cewa muhalli da shara abu ɗaya ne. Ƙorafin Baba a taro daga wannan tarihi ya samo tushe, kuma ba laifinsa ba ne.

GANDUN DAJI

Ma'aikacin muhalli na biyu da kakanninmu suka sani shi ne malamin daji. Dokar gandun daji ta 1916 da waɗanda suka biyo bayanta sun ba gwamnati da hukumomin En'e ikon keɓe daji su hana noma da sara da farauta a cikinsa. A 1935 wani masanin daji ɗan Ingila mai suna Stebbing ya rubuta cewa hamadar Sahara tana gangarowa kudu, har sai da Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa ya zagaya iyakar Najeriya da Nijar a 1936 da 1937. Kwamitin bai ga hamadar tana gudu yadda aka faɗa ba, amma ya ga ɓarnar da sara da ƙona daji ke yi, aka kuma ƙara himma wajen keɓe gandaye.

A yankinmu, gandun Nimbia da ke hanyar Jos shi ne ya fi suna. A 1957 aka fara shi, aka dasa itacen tik da malaina a fili sama da hekta 2,000. Akwai kuma kurmin Nindam kusa da Kagoro, inda masu nazarin tsuntsaye suka sami nau'o'in da a da ake zaton sai a dazukan Kudu kawai ake ganinsu, abin da ya sa aka saka Kagoro da Nindam cikin jerin wurare masu muhimmanci ga tsuntsaye a duniya. A 1958 aka buɗe makarantar koyon aikin gandun daji a Jos.

Sai dai mu faɗi gaskiya: an keɓe gandaye da yawa ba tare da shawarar masu ƙasa ba. Mutumin da kakansa ke farauta a wani daji ya wayi gari an ce in ya shiga ya yi laifi. Tun kafin zuwan Bature kuwa al'ummominmu suna da nasu tsari. Akwai kurmin da ba a sara, akwai lokacin da ba a shiga farauta sai an ba da izini, kamar yadda asalin bikin Afan na Kagoro ya nuna, wanda yanzu ake yi ran 1 ga Janairu. Da dokar gwamnati ta danne ta gargajiya, daga baya ita ma ta gwamnati ta yi sanyi, sai daji ya zama maraya.

TSANDO, SHANU DA BURTALI

A da, ƙudan tsando ya hana shanu zama a yawancin ƙasarmu, domin yana sa musu sammore, mutane kuma yana sa musu ciwon barci. Turawa sun kafa cibiyar binciken wannan cuta a Kaduna da Vom. Da mutane suka ƙaru, aka sare daji, aka yi feshi, tsando ya ragu. Sai kuma farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 suka busar da makiyaya a can Arewa da Nijar, shanu suka ƙara gangarowa inda ruwa da ciyawa suke. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, a ƙarƙashin irin wannan tsari ne aka sami makiyayar Kachiya, wadda aka fi sani da Ladduga.

Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa cikin 1980, masu bincike na cibiyar dabbobi ta ILCA, mai hedikwata a Addis Ababa, sun zauna a Abet kusa da Zonkwa da kuma Kurmin Biri. Sun rubuta yadda manoma ke gayyatar makiyaya su kwana da shanu a gonakinsu da rani saboda taki, shanu kuma su ci karan hatsi bayan girbi. Sun kuma gwada shuka ciyawa mai gina jiki a killataccen fili don ciyar da shanu lokacin rani. Wannan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ya faru a ƙasar nan, an rubuta shi, akwai masu rai da suka gan shi.

Ba na cewa rikicin da ya ci mana rayuka duk maganar ciyawa da ruwa ce. Akwai siyasa, akwai rashin hukunta masu laifi, akwai tsohon ciwo da ba a warkar ba. Amma a ƙarƙashinsa akwai tambayoyin da awo ke amsawa: ina burtali ya bi, gona nawa ta shiga cikinsa, shanu nawa fili kaza zai iya ɗauka, wane rafi ne ya daina kai wa watan Maris da ruwa? Idan babu mai auna waɗannan da gaskiya, kowa sai ya riƙe nasa labari.

GUBAR KOKO DA DOKOKIN DA TA HAIFA

A ƙasashen waje, karatun muhalli a matsayin fanni mai zaman kansa ya taso ne a shekarun 1960 da 1970. A 1962 wata masaniya 'yar Amurka, Rachel Carson, ta fitar da littafi kan illar magungunan feshi ga tsuntsaye da kifi da mutane, ya tayar da ƙura. A 1972 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi babban taro kan muhalli a Stockholm, aka kafa hukumar muhalli ta duniya mai hedikwata a Nairobi. Jami'o'i suka fara haɗa ilimin halittu da sinadarai da labarin ƙasa da shari'a a cikin digiri ɗaya.

Najeriya ba ta farka sosai ba sai 1988. A shekarar aka gano cewa jiragen ruwa daga Italiya sun sauke dubban gangunan guba, fiye da tan 3,500, a wani fili a garin Koko, cikin Jihar Delta ta yanzu. Ku lura da wannan: ɗaliban Najeriya da ke karatu a Italiya ne suka ga labarin a jaridun can, suka rubuto gida, 'yan jarida suka bi sawu. Gwamnatin Babangida ta janye jakadanta, ta matsa har aka kwashe gubar aka mayar. Ma'aikatan da suka yi lodin wasunsu sun ƙone, wasu sun kwanta asibiti. A shekarar aka yi doka mai lamba 42 kan shigo da guba, da mai lamba 58 da ta kafa hukumar FEPA. A 1992 aka yi doka mai lamba 86, wadda ta ce duk babban aiki, ko hanya ko madatsar ruwa ko ma'adinai ko masana'anta, sai an fara binciken illar da zai yi wa ƙasa da ruwa da jama'a kafin a sa hannu. A 1999 aka kafa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, a 2007 aka kafa NESREA don tilasta bin dokokin, a 2021 kuma aka sa hannu kan dokar sauyin yanayi. Jihohi ma suka kafa nasu, irin su KEPA a Kaduna.

Doka ba ta aiki da kanta. Sai da mai ɗibar ruwa ya kai ɗakin gwaji, mai karanta sakamako, mai rubuta rahoto, mai tsayawa gaban alƙali ya yi bayani. Buƙatar waɗannan mutane ce ta sa jami'o'inmu suka buɗe sassan kula da muhalli.

YADDA KARATUN YA ISO KAFANCHAN

Shekaru da yawa, ɗanmu da ke son irin wannan karatu sai ya tafi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, ko Jami'ar Jos ta 1975, ko kwalejin nazarin muhalli ta Kaduna Polytechnic da ke Barnawa. A 2004, zamanin Gwamna Ahmed Muhammad Makarfi, aka kafa Jami'ar Jihar Kaduna, wato KASU, da harabobi biyu, ɗaya a Kaduna ɗaya a Kafanchan. Daga baya aka zaunar da tsangayar aikin gona da ta kimiyyar muhalli a harabar Kafanchan. Hanyar ba ta kasance mai santsi ba. A ƙarshen 2016 da cikin 2017, da rikici ya tsananta, an rufe manyan makarantun yankin na tsawon watanni, har da harabar jami'ar da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, kuma kowa ya ga yadda masu hayar ɗakuna da masu abinci da 'yan acaɓa suka ji a jikinsu. A 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa sabuwar jami'ar kimiyya a Kachiya.

Akwai abin da ke rikita iyaye, bari in warware shi. A jami'o'in Najeriya, idan aka ce tsangayar kimiyyar muhalli, ba darasi ɗaya ake nufi ba. A ƙarƙashinta akwai zanen gine-gine, akwai ƙididdigar kuɗin gini, akwai kula da filaye da gidaje, a wasu jami'o'in da tsara birane da safiyo, sannan akwai sashen kula da muhalli. Wannan na ƙarshe shi ne ya yi daidai da abin da ake kira kimiyyar muhalli a Amurka da Ingila. Aikin duba-gari na zamani kuma, wato lafiyar muhalli, hanyarsa daban ce, da makarantunsa da hukumar da ke yi wa ma'aikatansa rajista. Don haka kafin a yi murna ko a yi fushi, a karanta takardar gurbin da kyau a ga wane sashe ne.

Ɗalibin kula da muhalli yana farawa da lissafi da ilimin sinadarai da na halittu da labarin ƙasa. Sannan ya shiga nazarin ƙasar noma da ruwa da yanayi, da gwajin gurɓata, da dokokin muhalli, da zana taswira a kwamfuta daga hotunan tauraron ɗan'adam, da yadda ake rubuta rahoton da dokar 1992 ta wajabta. Akwai watannin koyon aiki a ma'aikata, akwai binciken shekarar ƙarshe. Maganar shara tana ciki, amma darasi ne cikin darussa masu yawa.

ABIN DA KE GABANMU YAU

Ga misalai uku da ba sai an je nesa ba.

Na farko citta. Tun wajen 1927 ake nomanta don sayarwa a ƙasar nan, kuma Kachiya da Jaba da Kagarko da Jama'a su ne suka sa Najeriya cikin manyan masu nomanta a duniya. A daminar 2023 wata cuta ta naman gwari ta faɗa wa gonaki, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa. Akwai waɗanda suka ci bashi suka shuka ba su ɗebi ko iri ba. Irin wannan cuta tana zama a cikin ƙasa da cikin iri, tana bin ruwan da ke kwanciya a gona. Maganinta yana buƙatar wanda zai gwada ƙasa, ya tace iri, ya nuna inda za a huta da inda za a sauya shuka.

Na biyu gawayi. Ku tsaya a bakin hanyar Kwoi zuwa Keffi ko ta Kachiya zuwa Kaduna ku ƙirga buhuna. Tun da kananzir da gas suka yi tsada, birni ya koma gawayi, gawayin kuma daga dajinmu yake fita. Itatuwa masu ƙarfi irin su ƙirya da kaɗanya ake fara zaɓa, waɗanda ke ɗaukar shekaru da yawa kafin su girma. Ba za a ce wa mai sana'ar ya daina ya zauna da yunwa ba. Amma ana iya tsara inda za a sara, da abin da za a dasa, da murhun da ke cin itace kaɗan.

Na uku ma'adinai. A 2016 aka ba da sanarwar gano ma'adinin nikel a Dangoma, cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a, kuma masu neman duwatsu masu daraja suna ta zirga-zirga a ƙauyukanmu. Mu tuna da Zamfara. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda gubar dalma. Dutsen zinariya ake kawowa gida ana niƙawa, ƙurar ta bi tsakar gida da abinci da hannun yara. Yara sama da 400 suka rasu. A 2015 aka sake ganin irinsa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. Gwajin ƙasa da na ruwa da an yi da wuri da ya nuna haɗarin. Idan gobe kamfani ya zo ƙauyenku da rahoto mai shafi ɗari uku ya ce ku sa hannu, wa zai karanta muku? Wanda kamfanin ya ɗauko ya biya, ko ɗanku?

GASKIYAR MAGANA GAME DA AIKI

Ba zan yaudari iyaye ba. Digirin muhalli ba ya zuwa da aiki a hannu, kuma akwai masu shi da ke zaune a gida, kamar masu sauran digirori. Guraben ma'aikatun gwamnati kaɗan ne. Inda ƙofa ke buɗewa shi ne kamfanonin da ke rubuta rahoton binciken muhalli, da ƙungiyoyin agaji masu aikin ruwa da tsafta, da shirye-shirye irin su ACReSAL na Bankin Duniya da ke aikin farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja, da aikin taswira, da koyarwa. Waɗannan wurare ba takarda kaɗai suke dubawa ba, suna tambaya me ka iya. Yaron da ya fita ya iya zana taswira a kwamfuta, ya iya gwada ruwa, ya iya rubuta rahoto mai tsabta, ya fi wanda ya haddace darasi kawai ya ci jarrabawa.

Shawarata ga ƙannenmu ita ce, kada ku raina lissafi da sinadarai tun daga sakandare, ku kuma duba littafin JAMB ku tabbatar da darussan da kowace jami'a ke nema kafin ku cike fom. Wurin koyon aiki ku nemi inda za ku taɓa kayan aiki, ba inda za a aike ku sayen abinci ba. Binciken shekarar ƙarshe ku yi shi a kan garinku: rijiyoyin unguwarku, kwazazzabon da ke cin hanyar kasuwa, tsohon ramin kuza, gonar cittar da ta mutu. In kun gama ku kawo wa ƙungiya kwafi ɗaya mu ajiye.

Ga iyaye kuma, idan yaro yana da zuciyar likita kuma makinsa ya kusa, ba laifi ya sake gwadawa. Amma kada a bar shi ya yi shekara uku a gida yana jiran gurbi ɗaya saboda an ɗauka wannan karatun na marasa galihu ne. Shekara kusan ɗari ke nan wasu ke zuwa daga nesa suna auna ƙasarmu, suna tona ta, suna keɓe dajinta, suna rubuta tarihinta, mu kuma muna kallo. Yanzu makarantar tana bakin ƙofarmu.

Na je na karanta wa Baba wannan rubutu kafin in saka shi a nan. Ya saurara har ƙarshe, ya ce shi dai abin da ya ji shi ne maganar citta, in yaron zai iya gano abin da ya kashe masa gona to ya je. Ya kuma ce in gaya wa ƙungiya ta taimaka da kuɗin rajista. Na rubuta buƙatarsa cikin ajandar taro mai zuwa, tare da shawarar mu gayyaci ɗaya daga cikin 'ya'yanmu da suka gama wannan karatu ya zo ya yi wa 'yan aji shida bayani kafin a fara sayar da fom. Duk mai ɗa ko ƙane a wannan fanni ya sanar da ni kafin ranar.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Sakataren Ƙungiya